'Yar Tsanar da Na Ɗinke

Ni Hafsatu, shekarata goma sha huɗu a kan keken ɗinki. Tun daga Bungudu ake ɗauko kayan amare a kawo mini har Tudun Wada a nan Gusau, kuma ba a taɓa dawo mini da riga an ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba. To ni ce wai 'yata Muzdalifa, 'yar shekara bakwai, za ta tsaya a kaina ta ce, "Inna, Anti Esta ta iya ɗinki."

Esta maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Malamar firamare ce, mijinta Luka yana aiki a sakatariya. Tsakani da Allah ba ta taɓa yi mini komai ba. Ranar Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa, ranar babbar Sallah in aika mata da nama. Abin ya fara ne da ta tsiri tara yaran layinmu duk Asabar bayan la'asar a gindin mangwaron gidanta, tana koya musu yin 'yar tsana da ƙyallaye. Mu a Tsafe da karan dawa muka yi tamu, babu wanda ya koya mana, kuma ga mu mun girma.

Daga nan gidana ya koma gidan Anti Esta ta ce. Anti Esta ta ce a lasa zare kafin a zura. Anti Esta ta ce maɓalli biyu sun isa ido. Tun daren Juma'a yarinya take wanke silifas ɗinta saboda gobe Asabar. Ni da na haife ta ban taɓa ganin ta wanke takalmi don za ta zo wurina ba. Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, kishi irin mai hana mutum jin daɗin tuwo.

Wata rana ta zo ta durƙusa gefen keke, ina tsakiyar haɗa wuyan riga da fil uku a gefen bakina.

"Inna, ki ba ni ƙyalle ɗan kaɗan."

"Ƙyallen mutane amana na," na ce ta gefen baki. "Matsa can, aiki nikai."

Gaskiya ne ina ninke wa kowa ragowar yadinsa a cikin kayansa, haka aka koya mini. Amma akwai buhu guda a bayan ƙofa cike da guntayen da babu mai nema. Na hana ne don na san inda za a kai su.

Sati biyu bayan haka ta shigo da gudu da wani abu a leda. "Inna, ki gani, magana takai!" Ban ko ɗaga kai ba, na ce ta matsa, aiki nake. Amma kunnena yana wurinta. Ta shige ɗaki, na ji tana ƙus-ƙus, tana cewa, "Ke kin fi kowa. Ke kin fi kowa duk garin ga." Da ta tafi wanka na lallaɓa na leƙa ledar. Atamfar da na gani a jikin 'yar tsanar da ke ciki ta ishe ni bayani: shuɗiya mai ganye-ganye, irin wadda Esta ke ɗaurawa ranar Lahadi. Wato ta zauna ta ƙera Esta da hannunta, tana gaya mata ta fi kowa. Ranar ko gaisuwar Esta ta kan katanga ban amsa da kyau ba.

Sai ga saƙo daga Esta, wai Asabar mai zuwa ana gayyatar iyaye mata su zo su ga abin da yara suka yi. Na ce madalla, rana ta zo da za a bambance tela da mai wasa da allura.

Da safiyar Asabar Muzdalifa ta tafi Islamiyya, na zaro ledar daga ƙarƙashin filonta na zazzage a kan tebur. Subhanallahi. Ɗinki kamar tafiyar kaza, wani taku dogo wani gajere. Bakin 'yar tsanar da jan zare aka yi shi, ya karkace gefe guda, ga wasu guntayen zare uku sun tsaya cirko-cirko a ƙarshensa, ba a ko datse su ba. An rataya mata wani tsumma rawaya a wuya, duk an zazzana shi da biro. Babban abin kunyar kuma, ƙasan a buɗe yake, wangam, babu ko ɗigon auduga a ciki. Na ce wannan ita ce malamar da ta iya ɗinki? Ta bar yarinya da buhu babu gindi?

Na ajiye kayan wata amarya da ake jira, na zauna. Na farke komai. Na bi gefe da gefe da keke, layi ya miƙe sak. Na tsinke bakin nan na yi mata sabo, madaidaici, mai ɗan murmushi. Tsumman wuyan na jefa a kwandon shara, na sa mata ɗan leshi fari. Sannan na farke tsohon filo na ɗura mata auduga har ta yi ɓul-ɓul, na ninke ƙasan na bi shi sau biyu, yadda ko kare ya ja ba zai buɗe ba. Na riƙe ta a haske ina kallo. Ko a kanti aka ajiye ta sai an tambaya. Na mayar da ita leda na ƙulle kamar yadda na same ta.

Bayan la'asar na ci kwalliya na shiga gidan Esta. Mata sun kai goma a kan tabarmi, yara sun jeru a gindin mangwaro, an kifa wani benci an lulluɓe shi da zani.

"Maman Muzdalifa, sannu da zuwa!" in ji Esta, har da matso mini da kujera. Sai ta juya ga mutane. "Na ce wa kowane yaro ya yi mutumin da ya fi so a duniya. Kowa zai ɓuya a bayan bencin nan, ya sa hannunsa a cikin 'yar tsanarsa, ya yi mana muryar mutumin."

Ya sa hannunsa a ciki. Na tuna ƙasan nan da na bi sau biyu.

Alheri, 'yar Esta, ta fara. Ta zura hannu ta ƙasan tata, sai ga 'yar tsana ta miƙe tana gyaɗa kai, tana neman makullin babur da muryar Luka. Mata suka kwashe da dariya. Juwairiyya ta yi kakarta tana faɗan an taɓa mata goro.

Aka kira Muzdalifa. Ta kwance leda tana washe baki, ta zaro, sai ta tsaya. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya. Ta kai hannu ƙasa tana neman ƙofa, yatsunta suna ta dungurin ɗinkina. Daga nan ta dubi fuskar.

"Ina bakinta?" ta ce. "Ina fil ɗinta? Ina tef ɗin awonta? Wagga ba Innata ba ta."

Guntayen zaren nan uku ashe fil ne, irin waɗanda nake cizawa. Bakin ya karkace ne don haka nawa yake in ina aiki. Tsumman da na jefa a shara tef ɗina ne, ta zauna ta zana masa lambobi ɗaya bayan ɗaya. Atamfar Esta kuwa, ai ni na hana ta tawa.

Babu wanda ya tambayi wa ya yi aikin, duk layin nan an san ɗinkina. Esta ta shiga ɗaki ta fito, ta miƙo mini reza a hankali. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sauko daga kujerar na zauna a ƙasa cikin yara, na fara tsinke ɗinkin nan da na bi sau biyu. Ɗinkina bai taɓa ba ni haushi ba don ya yi ƙarfi sai ranar. Na ciro audugar dunƙule-dunƙule na tara a cinyata, na miƙa wa Muzdalifa 'yar tsanarta.

Ta share hawaye da bayan hannu, ta zagaya bayan benci. 'Yar tsanar ta taso da madaidaicin bakinta da farin leshinta, ta sunkuyar da kai kamar mai kallon keke. Sai muryata ta fito, sak, har da yadda nake matse magana ta gefe guda.

"Matsa can, aiki nikai."

Mata suka fashe da dariya, wata har da dukan cinya tana cewa wallahi Hafsatu ta. Ni ma na yi, tunda ana kallona.

"To, sai mene ne kuma Inna take cewa?" Esta ta tambaye ta.

Can Muzdalifa ta leƙo da kanta, ta dubi Esta, ta dube ni, tana ta tunani bilhaƙƙi don kada ta yi ƙarya.

"Shi kenan abin da taka cewa," ta ce.

Audugar tana nan jibge a cinyata, na rasa inda zan ajiye ta.