Abin da Nakaw Ta Ci a Gida

Ƙanwata Nakaw ta sauka daga jirgin ƙasa a garin Taitung ranar Laraba, ni na ɗauko ta a babur. Muka wuce ƙauyenmu na bakin teku. A ƙofar gida ta ce, "Yaya Dongi, kada kowa ya zubar da komai a kicin."

Shekara goma sha ɗaya tana ɗaga ƙarfe da sunan ƙasarmu. Wata biyu da suka wuce ta ciyo lambar azurfa a gasar Asiya, muka kwana uku muna rawa a filin coci. Yanzu ga takarda ta zo daga hukumar wasanni, wai an ga haramtaccen sinadari a fitsarinta. An ba ta mako biyu ta nuna ta inda ya shiga jikinta. In ta nuna ba da saninta ba ne, dakatarwar 'yan watanni ce. In ta kasa, shekara huɗu. Shekarunta ashirin da tara, kowa ya san ƙarshen wasanta ke nan.

Ta sa safar hannu ta shiga kicin ɗin da aka goya ta a ciki. Busasshen kifi, naman gishiri na cikin tulu, ganyen shayi, man zafi, kowanne ta ɗiba ta ƙulle a leda ta rubuta suna. Mijina Kacaw ma bai tsira ba.

"Me kake ba aladunka?" ta tambaye shi, don naman tulun na aladunsa ne.

"Abin da kike ci kike ƙwanji, ranki ya daɗe," in ji shi. Shi kaɗai ya yi dariyarsa.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na zarge ta. Na riƙa satar kallon kafaɗunta, ina sauraron ko muryarta ta yi kauri, sannan in ji kunyar kaina. Ita kuwa hankalinta yana kan Hsiu-lan, abokiyar ɗakinta a sansanin horo, wadda za ta gaji gurbinta in an kore ta. "Sau biyu ina tarar da gorar ruwana ba inda na ajiye ba," ta ce. "Tana mini murmushi, munafuka."

Innarmu ce ta fara damuna. Matar da ko kaza ce ta gifta sai ta yi mata magana, ga ta shiru. Kafin gasar, Nakaw ta yi kwana huɗu a gida tana jinyar gwiwa, Inna tana yi mata farfesun kaza kullum. Tun tuni Nakaw ta hana a sa mata sassaƙe ko saiwa a abinci, har takarda ta manna a jikin firji.

"Inna, me kika sa a farfesun nan?"

"Citta da gishiri. Da me zan sa, siminti?"

Nakaw ta yarda ta wuce. Ni ban yarda ba, don Inna tukunya take kallo tana amsawa.

Rana ta biyar da hantsi Nakaw ta zauna rubuta ƙorafi a wayarta a kan Hsiu-lan, ta ce kafin la'asar za ta aika wa hukumar. Na leƙa bayan gida, sai ga Inna da fartanya tana haƙa rami a gindin gwanda, ga gwangwanin biskit a gefen ramin. Na buɗe. Ƙullin gari ne ruwan ƙasa, saura uku.

"Mai magani ya rantse mini saiwa ce zalla," ta ce. "Yarinya tana hawa matakala tana cije baki, sai in zuba mata ido?"

"Ta hana ki, Inna."

"Ni na haife ta ko takardar firji?"

Raina ya ɓaci sosai. Na ce mata wannan gwangwanin ne kaɗai zai ceci Nakaw, kuma yanzu haka ana shirin ɓata sunan 'yar mutane a banza. Ta zauna a kan kunyar shuka ta rufe fuska da hannu mai ƙasa. Tausayinta ya kama ni, amma ban saki gwangwanin ba.

"Ki ce ke kika sa," ta ce a hankali. "Ke za ta yafe miki."

Na ce ba zan yi wannan ƙaryar ba. Da hannunta ta ɗauki gwangwanin ta kai teburin da Nakaw take zaune.

Nakaw ta daɗe tana kallon ƙullin. Na zaci za ta yi ihu, har na matsa tsakaninsu. Ba ta yi ba. Ta goge ƙorafin, ta sa safar hannu, ta zuba ƙullin a leda ta liƙe. Sannan ta jawo fom ɗin hukumar, inda ake rubuta wanda ya ba ɗan wasa abin da ya ci.

Inna ta ce, "Nakaw, 'yata, gwiwar ce kawai..."

Nakaw ba ta ɗago kai ba. Ta cire murfin biro.

"Yaya Dongi, ɗauko mini katin shaidarta. Cikakken suna suke so."