Zaren da Ke Wuyan Likita Kunama

Ranar da za a tashi Mama daga ɗakuna biyun da ta yi shekara talatin a ciki, Ɓarnau aka bar wa kwance keken ɗinki, don shi ne mai yawo da sukudireba a aljihu. Yaya kuwa yana bakin ƙofa, hannu a ƙugu, yana nuna wa masu ɗaukar kaya abin da suka riga suka sani.

Ɓarnau ya zaro durowar keken don kada ta zube a mota. Can ƙarshenta, bayan maɓallai da guntayen alli, ya hango wata ƙafar roba. Ya jawo ta. Sai ga Likita Kunama, da farar rigarsa da ta koma ruwan ƙasa, yana murmushin nan nasa na mugunta.

Baba ne ya kawo shi, shekarar da Yaya ya zo na ɗaya a aji. A lokacin Yaya yana da wasu littattafan zane da bangonsu ya yage, yana karanta wa ƙaninsa su a kan tabarma, inda bai gane ba ya ƙirƙiro nasa. A cikinsu Likita Kunama ne mugun. Da fara'a yake karɓar marasa lafiya, in ya rufe ƙofa sai ya rikiɗe. Ɗan robar ma haka yake. Ka danna kan bel ɗinsa, sai ka ji ƙas! Kai ya nutse cikin ƙirji, baya ya buɗe, wutsiya ta taso ta saman kafaɗa da ƙarinta. Ka danne wutsiyar, kan ya dawo yana murmushi kamar ba shi ba. Yaran layi har layi suke yi a taga don su ga an danna sau ɗaya.

Wata safiya Yaya yana makaranta, ƙanin ya saci hanya ya ɗauko shi. Ya danna, ya danna, har ya gaji. Da ya ji ana buga ƙwallo a waje sai ya ajiye shi a kan keken Mama, a siffar kunamarsa, ya ruga. Da yamma Yaya ya same shi a siffar likita, ya danna bel, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Duka ƙanin ya sha ranar, kuma ranar ya samu sunan Ɓarnau. Daga nan duk kofin da ya fashe a gidan, Ɓarnau ne. Yanzu shekararsa ashirin da takwas, yana da teburin gyaran waya a bakin titi, mutane na yabon hannunsa, amma in wayar Yaya ta lalace sai ya wuce shi ya kai wa na tsallake. Tun daga ranar nan Yaya bai sake miƙa masa wani abu nasa ba.

Ɓarnau ya zauna a ƙasa, a inda sawun ƙafafun gado ya bar tabo a siminti. Ƙusa huɗu ne a bayan likitan. Ya kwance su ya jera a kan gwiwarsa, ya ɗaga murfin a hankali. So yake ya ga abin da ya karya. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke harba wutsiyar, lafiyarsa lau. Ƙugiyar da ke riƙe kan ma ba ta ko tsage ba. Sai dai a wuyan, daga ciki, an naɗe koren zare kusan sau ashirin, an ɗaure shi a jikin wani ƙarfe. Ƙulli biyu ne, da ɗan jela da aka yanke da haƙori. Ƙullin da ke bayan kowane maɓallin rigar makarantarsa.

"Mama!"

Ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Me ka fasa kuma?"

"Zo ki gani. Yaya, kai ma zo, don Allah."

Yaya ya shigo yana duba agogo. "Mota fa jira take yi, kai kana zaune kana..." Sai ya ga abin da ke hannun Ɓarnau, maganar ta tsaya.

Mama ta sunkuya, ta ƙanƙance ido. "Au, ɗan likitan nan! Ashe yana nan. Kun ga aikina bai kwance ba har yau."

"Aikinki?" in ji Yaya.

"To na wa? Wannan ja'irin ya karya masa wuya, kansa ya faɗa ciki, baya a wage, ya jefar min a kan keke ya gudu. Na ce in babanku ya gani akwai magana. Na ajiye ɗinkin mutane, na ɗauki ɗan sukudireban keke na buɗe shi, na ɗago kan na ɗaure tam. Ko na gode ba wanda ya ce min. Sai kawai na dawo daga kai kaya na tarar kuna kokawa."

"Mama," Ɓarnau ya ce, "ai haka aka yi shi. Kan shiga yake yi."

"Shiga ina? Wa zai sayi mutum da kai a ciki?"

Yaya ya matso kusa. Ya tsuguna, abin da Ɓarnau bai ga ya yi ba tun da ya fara sa takalma masu sheƙi. Ɓarnau ya sa bakin reza ya tsinke zaren, ya warware shi, ya mayar da ƙusoshin huɗu. Ya miƙa wa mai shi.

Yaya ya goge babban yatsansa a wando, kamar yadda yake yi a da in yaran taga sun taru. Ya danna.

Ƙas! Kai ya nutse, baya ya buɗe, wutsiya ta taso da ƙarfin shekara ashirin da biyu. Robar ta tsufa. Ƙarin ya ɓalle, ya daki bango, ya gangara ƙarƙashin keke.

Mama ta dafe ƙirji. "Kun gani ko? Shi ya sa na ɗaure!"

Ɓarnau ya so ya riƙe dariyar, ta ƙi riƙuwa. "Ni dai hannuna na nan a kan gwiwa, kowa shaida ne."

"Rufe min baki," in ji Yaya, amma shi ma kafaɗunsa rawa suke yi. Ya rarrafa ya lalubo ƙarin, ya hure ƙurar da ke jikinsa. Ya daɗe yana jujjuya shi. Direba ya danna oda a waje, ba wanda ya motsa.

Sai ya haɗa likitan da guntun ƙarin, ya kamo hannun ƙaninsa ya sa masa a tafi.

"Zai gyaru?"

"Sai na duba."

"To duba. In ka gama, wayata ma ba ta caji sosai."