Rufi Kawai, Ban da Bango

Gunvor ba ta taɓa neman izinin kowa ba kafin ta hura wutar gidanta, sai a shekarar da kafaɗarta ta dama ta ƙi ɗaga gatari. Tsohuwa ce mai taurin kai irin na mutanen bakin teku. Gidanta shi ne na ƙarshe a kan hanya, daga shi sai duwatsu. Tun da mijinta Asbjorn ya rasu, ita ke faskarenta, ita ke share dusar ƙanƙara a ƙofarta. Da ɗanta Eskil ya zo daga birnin Tromso ya ga itace jibge ba a faskara ba, sai ya kafa mata sharaɗi.

"Mama, na samo miki ɗaki a gidan tsofaffi, kusa da mu. Ga ɗumi, ga masu kula da ke. Idan na dawo tsakiyar hunturu na tarar da gidan nan da sanyi, ƙafata ƙafarki."

"Ƙafarka dai," in ji ta. "A gidan nan na goya ka, daga cikinsa za a fitar da gawata."

Motarsa ba ta gama ɓacewa ba ta kira Solfrid, mai sa wa mutane famfon ɗumi, wato na'urar ɗumama gida. Kusan kowane gida a ƙauyen yana da shi, Gunvor ce kaɗai ta daɗe tana cewa ɗumin da ba hayaƙi ɗumin malalata ne. To, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Solfrid ta huda bango, ta maƙala akwati ɗaya a falo, ta ɗora ɗaya a waje bisa ƙafafun ƙarfe, ta haɗa su da bututu.

"Na wajen nan iska yake sha, ya tatso ɗumin da ke cikinta ya turo miki ciki," in ji Solfrid. "Ki riƙa kwashe dusa daga gindinsa, ki wanke rariyar na ciki in ta yi ƙura. Kada dai ki tare masa iska."

"To, to, na ji. Ci waina, ga jan cuku, kofinki zai huce."

Amma Gunvor ba ta ji ba. Hankalinta yana kan yadda yarinyar nan Solfrid ta rame.

Da farko abin ya yi daɗi, har Gunvor tana yawo a falo ba safa. Sai sanyin gaske ya sauka, irin wanda rana kan leƙo ta koma ba ta gaisa da kowa ba. Wata safiya ta fita da shebur, ta ga akwatin wajen ya yi fari fat da ƙanƙara, yana gurnani, yana fitar da tururi, ruwa na ɗiga a ƙarƙashinsa. Narkar da ƙanƙarar jikinsa yake yi, aikinsa ke nan, amma ita ina ta sani? Tausayi ya kama ta. A garinsu ai cewa ake yi sanyi ba shi da laifi, laifin na tufa ne. Doki a sa masa bargo, kare a sa masa safa, jariri a naɗe shi a ulu ya yi barcinsa a waje. Sai wannan bawan Allah ne za a bari tsirara yana makyarkyata saboda ita?

Ta ɗauko bargon ulun da Asbjorn kan tafi da shi kamun kifi, ta lulluɓe akwatin ruf, ta ɗaure da igiya.

Maƙwabcinta Torleif ya jingina da shinge yana dariya. "Gunvor, sabon miji kika yi ba gayyata? Ko Asbjorn bai samu wannan gata ba!"

"Asbjorn ai yana da bakin faɗa in ya ji sanyi. Kai je ka ji da tumakinka, uban sa ido."

Daga ranar ɗumi ya fara ja da baya. Na'urar ta yi ta tsayawa, tana tashi, tana tsayawa. Gunvor ta ce lallai sanyi ya ci ƙarfinta, ta ƙara mata bargo na biyu. Kiran Solfrid kuwa ba ta ko fara ba, don Solfrid ƙawar matar Eskil ce, kafin ta ajiye waya labari ya isa Tromso. Ta gwada gatari, kafaɗa ta ce ba da ni ba. Sai ta sa rigar ulu kan rigar ulu, ta cije. Tsoro dai ta ji shi, tsoro na gaske, na ɗakin nan na gidan tsofaffi mai gado ɗaya da tagar da ba ta kallon teku.

Ran Asabar Eskil ya iso. Ya shiga falo, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Ya tarar da ita zaune ta riƙe kofi da hannu biyu, hular ulu har kunne.

"Mama, ina ɗumin?"

"Ni zafi ma nake ji."

"Leɓɓanki sun yi shuɗi!" Shi ma tsoron ne ke cin sa. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin tafiyarta ya dire a tsakar falo. "Mun yi magana. Haɗa kayanki."

Ya fita ya duba na'urar. Can sai ta ji ihunsa, ta bi shi tana dafa bango.

"Wa ya yi wannan aika-aika? Mama, ai kin shaƙe ta! Wannan abin da iskar waje yake rayuwa. Sanyin da kike tausaya masa, a cikinsa yake samun ƙarfinsa. Kin naɗe shi don ƙauna, kina kashe shi!"

Gunvor ta dubi bargunan. Kunya ta zo, amma ba ta daɗe ba. Ta ɗago ta kafe shi da ido.

"Maimaita."

"Na ce kin naɗe shi don..." Sai ya tsaya, ya gane shi ma abin da yake shirin yi mata ke nan.

"Ƙarasa mana, ɗan Tromso. Bakinka ne ya faɗa, ba nawa ba."

Ya miƙa hannu zai kwance igiyar, ta buge hannun. "Ni na ɗaure, ni zan kwance." Da hannun hagu da haƙori ta warware ƙullin, ta fizgo bargunan da suka daskare kamar busasshiyar fata. Ta kwashe dusar gindin da kanta, yana tsaye yana kallo. Aka jima, fankar akwatin ta motsa, tururi ya tashi, na'urar ta kama aiki.

Suka koma ciki. Ba a jima ba iska mai ɗumi ta fara sauka a kan akwatin tafiyar da ke tsakar falo. Gunvor ta cire hula, ta ninke bargon Asbjorn, ta saka a cikin akwatin, ta tura masa da ƙafa.

"Kai musu wannan can gidan tsofaffin. Wani zai so shi."

Eskil ya share idonsa da bayan hannu. "Aƙalla ki bar ni in kafa wa na'urar ɗan rufi, kada dusar kan gida ta zubo mata."

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta zuba masa kofi.

"Rufi kawai," in ji ta. "Ban da bango."