Ƙanin Mutuwa

Murtala ya mayar da ƙasa cikin ramin, ya tattake da dunduniya, ya jingine fatanya a bayan banɗaki. Kuregu shida ya rufe, ɗaure cikin buhun shinkafa. Da safe ya same su a firjin Dakta Nkem mai binciken dabbobi, sun sandare, sanyi ƙalau, babu mai numfashi. Ya ce gara ta tarar da ƙasa da ta tarar da wari.

Shi ne mai gadin gidan nan na Gyaɗi-Gyaɗi, shi ta bar wa makulli da za ta yi tafiyar kwana huɗu. In aikin ya tafi, ɗakin bakin ƙofa da yake ciki da iyalinsa ya tafi.

Da azahar Dakta ta sauka daga adaidaita. Firjin ta fara buɗewa.

"Baba Murtala, ina dabbobina?"

"Sun mutu, Dakta. Na rufe su. Gawa ba ta jira."

"Barci suke yi."

"Ni da na tashi a gonar gyaɗa? Kurege ko gyangyaɗi ba ya yi."

"Naku ke nan. Waɗannan daga ƙasar ƙanƙara aka kawo su." Ta dafa tsakar kanta. "Akwai wata 'yar tsoka a ƙwaƙwalwarsu, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ita ke auna tsawon duhu. In dare ya yi tsawo, sanyi ya sauka, sai jiki ya yi lamo wata biyar. Shekara uku ina jiran wannan makon. Ban ce maka za su kwanta ba?"

Ta faɗa ɗin. Shi dai kwanciya biyu ya sani, ta dare da kwanta dama.

"Yaushe ka rufe su?"

"Da hantsi."

Ta ɗaga kai ta kalli rana.

Da hannu ya tone, kada fatanya ta sare su. Ƙasar kamar tokar murhu. Ɗuminta ya tashe su: cikin buhun duk a yayyage yake da farce. Ɗaya ya huda har ya fito da kai, bakinsa cike da ƙasar da aka tattake. Wannan karon jikinsu da ɗumi, amma duk shidan sun mutu da gaske.

Dakta ta tsuguna tana jera su a inuwa. Murtala ya zaro makullin, ya ajiye kusa da ƙafarta.

A bakin ƙofa ya tarar da matarsa Ladi tana tankaɗe.

"Nemo mana buhu," ya ce. "Za mu zuba kaya."