Ƙofar Hagu

Tattabaru ne suka fara barin tashar jirgin ƙasa. Ni na lura, don ba ni da aiki sai lura. Suna tashi aka cire babban agogo, aka bar farar da'ira a bango kamar tabon ƙuna.

Saboda 'yata Auta nake zuwa tashar. Likita ce mai koyon aiki, irin waɗanda ake bar wa asibiti idan manya sun tafi gida. Ta shiga aiki jiya, ta fito yau. Da ta zauna a jirgi barci ke sace ta. Aikina in ƙwanƙwasa mata gilashin taga da makullin gida. Sai ta miƙe ido rabi a rufe, ta murɗa ƙofar hagu, ta jefa ƙafa ba ta duba ba. Ƙafar ta haddace dandamalin nan.

* * *

"Wannan wane irin aiki ne?" in ji uwarta, tana zare cokali daga hannun Auta da ta fara gyangyaɗi a kan abinci. "Mai ba da magani ta fi majinyaci rama!"

"Inna, in na yi ƙorafi babban likita ba zai sa hannu in gama ba. Ya ce su ma haka suka sha."

"Shi ya sha, ke kuma kina shanyewa."

Na matso. "Auta, za su rushe dandamalin hagu. Daga yanzu ta dama za ki riƙa sauka."

"Na ji, Baba. Dama."

Da ido rufe ta faɗa. Na ɗauki biro in rubuta mata a bayan hannu, na tarar babu wuri. Lambobin gado da sunayen magunguna sun cinye fatar har wuyan hannu.

* * *

Da safen da za ta dawo na tarar an kewaye tashar da kwano.

"Tsoho, ina zuwa?" in ji mai gadi.

"'Yata zan tasa."

"Ba a shiga ta nan. Ka zagaya ta bayan kasuwa."

"Da waɗannan gwiwoyin? Yaro, ga jirgin can yana kuka."

"Ni dai abin da aka ce mini ke nan."

Na bi jikin kwanon har na sami wata 'yar kafa, na sa ido. Inda na saba tsayawa ya zama rami mai zurfi. A ƙasansa rodi ne tsaye, jere-jere, bakinsu na kallon sama. Ba a ko ja igiya ba.

Jirgi ya tsaya. Ga tagarta, ga kanta jingine da gilashi. Ƙofar hagu na rataye daidai bakin ramin.

Na ciro waya, na mayar. In wayarta ta yi ƙara Auta za ta zabura, ƙafa kuma ta riga hankali.

Ta motsa. Ta ɗago kai, ta shafa fuska, hannunta ya kai ga jaka. Ni da ke tashinta tun tana 'yar makaranta, na ji bakina yana cewa, "Ya Allah, kada ta farka."

Kan ya koma jikin gilashi. Jirgi ya ja.

* * *

Rana ta ɗaga kafin Auta ta kira ni.

"Baba, yau ka yi sakaci da aikinka," ta ce tana dariya. "Sai ƙarshen layi na farka."

"Auta, ta dama…"

"Ba ma zan sauka ba. Abokiyar aikina ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin tiyata, an ce in koma. Sai gobe da safe. Kada ka makara."

Ta kashe. Na buɗe tafin hannuna, makullin ya bar shaidarsa a ciki. A bayan kwanon, ma'aikata na sauke wani sabon rodin.