Allurar da Dakta Ya Ƙi

Sista ta riga ta zuƙi maganin, tana ƙwanƙwasa sirinjin da farce don iska ta fita, sai Dakta ya buɗe ido ya zare hannunsa daga nawa.

"Ba ita ba," ya ce. "A kira wani."

Ni ce mai riƙe masa hannu, domin Anti, matarsa, ba ta iya kallon allura. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma tun da ciwon ƙoda ya kwantar da shi nake shigowa da hantsi in taya ta juya shi. Anti ta hau ba da haƙuri, wai ciwo ne ke magana. Sista ta yi dariya, ta ce ko jarirai ba sa yi mata wannan rakin. Amma sau biyu tana kuskure bakin murfin kafin ta rufe allurar.

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara huɗu muna maƙwabtaka ban taɓa jin mutumin nan ya ƙi wani abu ba. Malam Ba-Komai ake ce masa a layinmu. Tsaninsa ya shekara a shagon mai walda, ba komai. Awaki suka cinye masa shuka, ba komai. Anti kan ce da wani zai zo aronta, da tuni ya miƙa ta har da mayafi.

Halin nan ne ya raba shi da jami'a, inda yake koyar da masu karatun jinya. Bara aka kafa masa kwamiti, don makin da ke kan takardun jarrabawa ya saɓa da wanda ya tura ofis. An tona ciki da waje, ba a same shi da cin hanci ba, ba a same shi da neman ɗalibai ba. Shi dai kada a yi kuka a gabansa. Layi duka aka ce an zalunci mutumin kirki, har da ni a masu faɗa.

To amma ni ina da 'Yar Ƙwai. Haka babanta ke kiran 'yarmu saboda yadda nake lallaɓa ta. Shekararta biyu, kuma sikila ce. In ciwon ya tashi, likita kan rubuta allura gwargwadon nauyinta, Sista kuma ta zo daga ƙaramin asibitin bakin titi ta auna ta yi mata a gida. Sista ɗalibar Dakta ce, da bakinta take taƙama da haka.

Na faɗa wa maigida. Ya ce na fi kaza mai 'ya'ya zargi, kuma mutumin da ƙodarsa ta tsaya ai ko uwarsa yana iya kora. Amma ranar sau uku ina duba cinyar yarinyar inda aka yi mata ta ƙarshe.

Washegari na jira Anti ta fita shanya, na ja kujera kusa da gadon. Ɗakin yana warin man zafi, kwalayen littattafan da ya kwaso daga ofis suna jibge a bayan ƙofa, har yanzu da igiyarsu.

"Baba, me ya sa ka hana Sista?"

Ya yi kamar barci yake. Na ce ba zan tashi ba, in ya so Anti ta zo ta same ni. Can ya juyo.

"Jarrabawar lissafin awon magani ce," ya ce. "Ashirin da takwas ta ci. Ta zo ofis da goyo, ta durƙusa. Na mayar hamsin."

Na tambaye shi ko ta gyara daga baya. Ya ce bai sani ba. Bai taɓa bin sawun ko ɗaya daga cikinsu ba. Na tambaye shi su nawa ne, ya kalli silin.

"Ita ke yi wa 'yata allura, Baba."

"Ba ko…" Ya tsaya. Bakinsa ya ci gaba da motsi, sauran kalmar ta ƙi fita.

Wallahi na so in girgiza shi a kan gadon nan. Hannunsa ya san ya janye, cinyar 'yata kuwa shekara guda ana soka mata yana gaishe ni ta kan katanga. Na miƙe zan fita, ya riƙo bakin zanena. Ya ce in kawo masa katin asibitin yarinyar da kwalin maganin.

Na kawo, na ajiye masa na fita. Anti ta gaya mini ya wuni da biro da tabarau, yana rubutu yana hutawa, har ya ƙi abinci.

Kwana biyu bayan haka, ina yi wa yarinya wanka da la'asar, na ji kukan Anti ta katanga. Na naɗe ta a tawul da kumfa a kanta na ruga. Ya riga ya cika, an cire masa tabarau.

Masu gaisuwa sun cika layi. Rabinsu tsofaffin ɗalibansa ne, wasu da fararen kayan aiki, daga wannan asibiti da wancan. Kowa ya zauna sai ya ce ba a yi malami mai tausayi irinsa ba. Ina raba ruwa ina kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin wace ce a ciki ta durƙusa masa. Da aka watse Anti ta miƙo mini katin, da takarda a ninke a ciki. Layi biyu ya ja: nauyi a nan, awon allura a can. Daga kilo goma ya fara. A sha huɗu rubutun ya karkace ya tsaya. 'Yar Ƙwai tana kilo sha ɗaya.

Ranar da ciwon ya sake tashi, babban asibiti ya yi nisa, yarinya tana ihu tana riƙe gwiwa. Na kira Sista. Ta zo da sauri, ta wanke hannu, ta zuƙi maganin. Na tare cinyar da tafina.

"Nuna mini inda maganin ya tsaya."

"Maman Ƙwai, yau kuma ni?"

Na buɗe takardar na ɗora a kan tabarma. Ta duƙa, ta daɗe tana kallo.

"Rubutunsa ne," ta ce a hankali.

Ta ajiye sirinjin a faranti, ta zauna dirshan a ƙasa, ta karɓi katin. Ta ɗora yatsa a kan sha ɗaya ta bi layin, leɓenta yana motsi. Ina jijjiga yarinya a kafaɗa, ina jira.