Fatihar Baraj

A garinmu, can bakin Gulbin Kaba, in Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha a kan magana, to ta mutu ke nan. Ko rikicin gona ne, ba mai sake tono shi. Sirajo, jami'in furoje, wato shirin da zai gina mana baraj don tare ruwa, ɗan Mayahi ne nan kusa da mu, ya san wannan sarai. Shi ya sa ranar taro ya zaunar da Liman dab da shi.

Bakinsa kuwa akwai zaƙi. Za a tare ruwa, a yi noman rani, albasa da tumatir har a kai kasuwar Tasawa. Abin da ya ratsa a guje shi ne ruwan zai kwanta a kan fadamar kaba, inda mata ke yankar ganyen da suke saƙa tabarma da faifai. Fadamar ba gonar kowa ba ce, don haka ba wanda aka tambaya. Maza sai gyaɗa kai suke kamar ƙadangaru.

Mata an tara su can baya a rana, don su fito a hoto. Cikinsu akwai Zulaihatu, tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda da kabar nan take ci da jikokinta.

"Malam, a shafa muna fatiha," in ji Sirajo.

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Zulaihatu ta miƙe tsaye, ta harɗe nata a baya.

"Inna, fatiha fa ake yi," in ji Sirajo.

"Na gani, ɗana. Ba da ni ba."

Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya ƙi fatiha ba.

Mai gari ya daka mata tsawa. "Zulai, ki ji tsoron Allah!"

"Tsoronshi ne ya hana ni, ranka shi daɗe. In na shafa, na ce ma Allah na yarda, alhali ban yarda ba. Wa anka tambaya cikinmu? Ku faɗa mini sunanta."

Matar da ke gefen Zulaihatu ta sauke hannu, ta kusa da ita ma haka, har ya zama ba hannun mace ko ɗaya a sama.

Sirajo ya share gumi. "Malam, a ci gaba. Ai majorite ta yarda, masu rinjaye ke nan."

Liman ya daɗe yana duban matan. Sannan ya mayar da hannuwansa bisa gwiwa, bai shafa ba.

"Ba ni rufe magana da rabin gari," ya ce.

Zulaihatu ta ratso tsakiyar maza, ta tuɓe takalmanta a bakin tabarmar manya, inda mace ba ta taɓa zama ba, ta dafa kafaɗar Sirajo.

"Matsa mini, ɗana. Ina ka ce ruwan za ya tsaya?"